Garkuwar da yara ke biya da rayukansu

Ba kasafai zazzaɓin cizon sauro ke kashe baligin da ya girma a Najeriya ba. Shekarun da ya yi yana kamuwa sun koya wa jikinsa samar da sinadaran kariya masu kama furotin ɗin da ke lulluɓe da ƙwayar cutar. Sai dai ƙwayar na sauya riga, garkuwar ba ta cika, ba ta kuma kare mai cikin fari yadda ya kamata. Kafin ta ginu, yara 'yan ƙasa da shekara 5 ke mutuwa.

Allurar R21 da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 na rage wannan hatsari. Wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kai ta kowace jiha, ta kuma bibiyi allura ta huɗu, ta wata 15.