Ƙarfin Gwangwani Bashi Ne, Fargaba Ce Kuɗin Ruwansa

Duk wanda ya san bakin ruwan Yauri, ko kasuwar Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ko ƙauyukan Shanga da ke gaɓar Kwara, ya san cewa neman abinci a nan yana cin dare. Masunci ya kwana a kan tafkin Kainji, mai jirgin fito ya yi sammako, ɗan acaɓa ya wuni a rana, mai haƙar zinare ya shiga rami tun asuba. Idan gajiya ta kama su, abu guda ake miƙa musu: shayi mai kauri da aka barbaɗa wa garin kofi, ko ɓarin goro, ko lemon gwangwani da na roba da aka laƙaba wa suna "mai ƙara ƙarfi". Wannan laƙabi yaudara ce, kuma matasanmu ne ke biyan farashinta da barcinsu da natsuwarsu.

Abin da ya haɗa shayi da kofi da goro da waɗannan lemuka shi ne sinadarin kafeyin, kuma babu ƙwayar ƙarfi ko ɗaya a cikinsa. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne ɗan saƙon da ke sanar da jiki cewa lokacin hutu ya yi. Aikin kafeyin shi ne ya tare ƙofar da ɗan saƙon ke shiga. Gajiyar tana nan, tana ma ƙaruwa, labarinta ne kawai ba ya isowa. Kamar direban da fitilar mai ta kama a motarsa, sai ya liƙe ta da takarda ya ci gaba da gudu. Da tasirin ya gushe, adinosin ɗin da ya taru sai ya faɗo gaba ɗaya, mutum ya ji kamar an zare masa laka, ya sake miƙa hannu ga wani gwangwanin. Haka bashi yake hawa kan bashi.

Kuɗin ruwan wannan bashi shi ne fargaba. Kafeyin yana sa jiki ya saki adiranalin, sinadarin da ke tashi idan mutum ya yi arba da haɗari: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, hannu ya yi rawa, gumi ya keto, numfashi ya yi sama. Waɗannan su ne alamomin tsoro, ko da babu abin tsoro a gaba. A 1985 likita Dennis Charney da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka sun ba masu ciwon firgici kafeyin mai yawa, sai kusan bakwai cikin goma suka ce abin da suka ji ya yi kama da tashin ciwon nasu. Yau littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke dogara da shi wajen tantance cututtuka ya amince da fargabar da kafeyin ke haddasawa a matsayin matsala mai zaman kanta. A wurinmu kuwa, saurayi ya yi kukan faɗuwar gaba da rashin barci, sai a ce sammu ne ko iska, a kashe kuɗin da babu, ba wanda ya tambaye shi gwangwani nawa ya sha jiya.

Ga lissafin. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, kada ya wuce 200 a zama ɗaya, mai juna biyu kuma iyakarta 200 a yini. Ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da miligiram 80, da sukari kusan giram 27. Lemon da ke da wannan kauri, idan rabin lita ne, ya kai 160. Kofin shayi yana da kamar 40 zuwa 50, na kofi ya fi haka. Wanda ya karya da shayi mai kofi, ya tauna goro da hantsi, ya sha roba biyu kafin magariba, ya tsallake iyaka bai sani ba. Ga shi kuma jiki yana buƙatar kusan awa biyar kafin ya fitar da rabin abin da aka sha. Wani bincike na 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha awa shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa guda. Rashin barcin yana ƙara fargaba, fargabar tana ƙara hana barci, gari ya waye a koma wurin mai shayi.

Wani zai ce a bar lemon Bature a koma ga goro, ai shi na gargajiya ne, iyaye da kakanni sun ci. Gaskiya ne goro yana da tarihi a wannan yanki, domin ayarin fataken da ke ɗauko shi daga Gwanja zuwa Kano suna ƙetare Kwara ta wajen Yauri da Busa. Yana da daraja a ɗaurin aure da raɗin suna, babu mai neman a raba mu da shi. Amma ƙwaƙwalwa ba ta tambayar asalin sinadari. Kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshen goro kafeyin ne, irin wanda ke cikin gwangwanin, har sunan Coca-Cola ma daga goron aka samo rabinsa. Abin da ya kare dattawa shi ne sun ci kaɗan-kaɗan, babu tulin sukari, kuma sun san lokacin kwanciya.

A kan ruwa maganar ta wuce ta lafiyar mutum ɗaya. Masu bincike a Ostireliya sun gano a 1997 cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin hankalinsa yana raguwa daidai da na wanda ya sha giya. Mu da ba za mu yarda mashayi ya riƙe akalar jirgi ba, kullum muna shiga jirgin wanda bai yi barci ba, don kawai idonsa a buɗe yake. Mutanen Ngaski ba su manta watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya kife kusa da Wara, yawancinsu ba su tsira ba. Lodin da ya wuce kima aka ɗora wa laifin wannan musiba, amma darasinta ya shafi kowane matuƙi: tafkin nan ba ya yafe kuskure, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar a 1968.

To, ina ƙarfin gaskiya yake? Da farko a nemo dalilin gajiyar. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya, kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da cutar, kuma manya ba su tsira ba. Tsargiya tsohuwar abokiyar zaman mutanen bakin tafki ce. Dukansu suna jawo ƙarancin jini, wanda babbar alamarsa ita ce kasala. Shayin da ake sha a kan abinci ma yana rage ƙarfen da jini ke samu daga wake da ganye. Mai irin wannan gajiya gwajin jini yake buƙata.

Sai barci na awa bakwai zuwa tara ga baligi, kuma wanda aikinsa na dare ne ya rama da rana. Ƙailula ta minti ashirin zuwa talatin, wadda addini da al'ada suka san da ita, tana wartsake hankali ba tare da rawar hannu ba. Sai ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ƙishirwa kan zo da kamannin gajiya. Sai abinci mai riƙe ciki: fura da nono, ƙosai da kunu, zogale, da kifin da muke kamawa mu loda wa 'yan kudu. Wanda ya saba da kafeyin ya rage a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, domin yankewa farat ɗaya yana kawo ciwon kai. Daga azahar kuma a rufe ƙofa. Idan bugun zuciya da firgici suka ci gaba bayan haka, a je asibiti.

Sauran aikin na masu iko ne. Ƙasar Lituwaniya ta haramta sayar da waɗannan lemuka ga 'yan ƙasa da shekara 18 tun 2014, a nan kuwa ɗan firamare yana saye da kuɗin tararsa. Hukumar NAFDAC ta tilasta rubuta yawan kafeyin da gargaɗi da manyan baƙi, har da Hausa. Ƙungiyoyin masu jiragen ruwa da na 'yan acaɓa su ƙayyade awannin aiki. Ma'aikatan lafiya su riƙa tambayar mai faɗuwar gaba abin da yake sha. Mai jirgin da ke tura yaronsa aiki dare da rana, ya sallame shi da kuɗin lemo, ya sani cewa bashi yake ci da jikin ɗan wani, kuma ranar biya fasinja na cikin jirgin.