Jigawa: Rufe kemis kaɗai ba zai wadatar ba sai an horas da masu riƙe magani

A ƙauyukan Taura da Ringim da Jahun, idan zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare, ƙofar mai kemis ake fara bugawa kafin a yi tunanin asibiti. Shi ne ke sauraron koken mara lafiya, shi ke zaɓar magani, sau da yawa kuma shi ke bayarwa bashi har a sayar da amfanin gona. A kasuwannin mako-mako irin ta Gujungu kuwa, ba a rasa masu tallan ƙwayoyi a tire, rana na dukan su tun hantsi har la'asar. Mafi yawan waɗannan mutane a shagon ubangida suka koyi sana'ar, ba su taɓa zama a aji don sanin abin da suke miƙa wa jama'a ba.

Illar wannan hali ba ɓoyayya ba ce. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. A shekarar ce kuma aka gabatar wa Majalisar Dattawa ƙiyasin cewa ana shan kwalaben kodin miliyan 3 a kullum a jihohin Kano da Jigawa, kafin gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Martanin hukuma ya fi karkata ga tsaurara doka. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan sabuwar dokar Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, wato PCN, wadda ta maye gurbin ta 1992. Dokar ta tattara masanan harhaɗa magunguna da mataimakansu da masu kemis a ƙarƙashin ikon hukuma ɗaya. A watan Fabrairun 2024 kuma, PCN da NAFDAC suka rufe shagunan magani sama da dubu ɗaya a Sabon Garin Kano, domin tilasta wa 'yan kasuwar komawa cibiyar sari ta Dangwauro. Tun da daga Kano yawancin masu kemis na tsakiyar Jigawa ke saro kaya, girgizar ta iso har ƙofar shagunansu.

Sai dai garƙame shago ba ya warkar da zazzaɓi. Idan aka rufe kemis ɗaya tilo a ƙauye ba a kawo madadinsa ba, mai tire ne zai ci riba. Masanin harhaɗa magunguna, wanda ke shafe shekara biyar ko shida a jami'a irin ta Ahmadu Bello ko ta Bayero sannan ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki, da wuya ya buɗe shago a bayan gari. Birane ne ke janye shi. Wanda zai iya cike wannan gurbi shi ne mataimakin masanin harhaɗa magunguna, ma'aikacin da aka horas kan karanta takardar likita, auna magani, adana shi daga zafi da danshi, lura da ranar lalacewarsa, da riƙe littafin shiga da fitar kaya.

Hanyar zama irin wannan ma'aikaci a bayyane take. Ana buƙatar sakamako mai kyau a darussa biyar na jarrabawar kammala sakandare, da suka haɗa da Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Daga nan sai karatu a kwalejin kimiyyar lafiya da PCN ta amince wa ta koyar da fannin, karatun da aka saba kammalawa cikin shekara uku tare da aikin koyo a asibiti. Bayan haka ɗalibi zai zauna jarrabawar ƙasa ta hukumar, ya yi rajista, ya karɓi izinin aiki da ake sabuntawa duk shekara. A Jigawa, Kwalejin Kimiyyar Lafiya da Fasaha ta Jahun ce gwamnatin jiha ta daɗe tana dogaro da ita wajen horas da matsakaitan ma'aikatan lafiya, kuma ba ta da nisa da Taura.

A nan ne ya kamata iyaye su buɗe ido, domin ba kowace takarda ce ke kai mutum ga rajista ba. Makarantun lafiya masu zaman kansu sun yawaita a Arewa, kuma amincewar da makaranta ta samu a wani fanni ba ta nufin an amince mata a fannin magunguna. An kuma daɗe ana taƙaddama tsakanin PCN da hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE kan kwas ɗin fasahar magunguna na kwalejojin kimiyya. A watan Afrilun 2024 hukumomin biyu suka cim ma yarjejeniyar dakatar da babbar difloma a fannin, matakin da ƙungiyar masu wannan shaida ta yi fatali da shi. Darasin da ke ciki shi ne, kafin uba ya sayar da buhunan shinkafarsa ya biya kuɗin makaranta, ya tabbatar daga ofishin PCN cewa kwas ɗin da za a ɗora ɗansa a kai yana cikin waɗanda ta amince da su.

Ga 'yan kasuwa, lamarin ya wuce neman albashi. PCN ta ɓullo da tsarin raba masu kemis gida uku, wanda aka fara gwadawa a Legas da Kaduna: na farko waɗanda ba su da shaidar karatun lafiya, na biyu ma'aikatan lafiya irin su nas-nas, na uku kuma mataimakan masanan harhaɗa magunguna. Gwargwadon matakin mutum, gwargwadon faɗin abin da aka yarje masa. Ɗan kasuwar da ya tura ɗansa ko 'yarsa wannan karatu, ya saya wa shagonsa garkuwa tun kafin jami'an hukuma su iso da kwaɗo.

Nauyi mafi girma yana wuyan gwamnati. Jigawa na da mazaɓu 287 a ƙananan hukumomi 27, kuma manufar ƙasa ita ce kowace mazaɓa ta samu ingantacciyar cibiyar lafiya a matakin farko. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin irin waɗannan cibiyoyi, magani na daga cikin abubuwan da ake saye da kuɗin. Amma maganin da aka kai ɗakin ajiyar da ba shi da mai kula ƙwararre, ko dai ya lalace a kwali ko ya zurare zuwa kasuwa. A cibiyoyi da dama, ma'aikacin lafiyar al'umma ɗaya ne ke duba mara lafiya, ya rubuta magani, ya koma ya ƙirga ƙwayoyi. Horas da matasa ba tare da ɗaukar su aiki ba kuwa, tamkar shuka ne a gonar maƙwabci, domin Kano da Abuja za su kwashe su.

Akwai iyakar da dole a kiyaye. Mataimaki ba likita ba ne, ba kuma masanin harhaɗa magunguna ba ne. A asibiti, ƙarƙashin kulawar masanin yake aiki. Idan aka bar shi ba mai duba shi, takardarsa za ta iya zama rigar da zai fake da ita ya yi abin da ya fi na mai tire muni, tun da jama'a za su fi sakankancewa da shi. Don haka horo da sa ido tare suke tafiya.

Abin da ya rage wa ƙananan hukumomi irin Taura shi ne su ɗauki nauyin karatun 'ya'yansu, musamman mata, bisa sharaɗin su dawo su yi wa mazaɓunsu aiki na wasu shekaru. Ƙungiyoyin masu kemis su ma za su iya yin karo-karo don yaran shagunansu. Kuɗin horas da mutum ɗaya bai kai asarar rai ɗaya da gurɓataccen magani ke jawowa ba.