Filin Ilimi: Kafin Mu Sayi Kwamfuta, Me Yaro Ya Taɓa Da Hannunsa?

Duk lokacin komawa lakwal, makarantun kuɗi na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sukan yi tallar cewa suna da ɗakin kwamfuta, iyaye kuwa su zuba jikkuna suna murna, su ce ɗansu ya shiga zamani. Wannan mako muna so mu yi wa ƴan kasuwa da ma'aikata masu biyan kuɗin nan tambaya guda: shin na'ura ce ke koya wa yaro lissafi da kimiyya, ko malamin da ya san abin da zai yi da ita?

An riga an gwada abin a wata ƙasa, kuma ya kamata mu ɗauki darasi. Ƙasar Peru, can Kudancin Amurka, ta raba wa ƴan makarantun firamare, musamman na karkara, dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, kowane yaro da tasa. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da bincike a kan shirin. Yaran sun iya sarrafa na'urar ƙwarai, amma makinsu na lissafi da karatu bai ƙaru ba. Dalili kuwa a fili yake: an kawo kaya, an bar hanyar koyarwa yadda take.

Yadda take kuwa mun san ta. Malami ya cika allo da rubutu, yara su kwafe cikin kaye, su haddace, ranar jarrabawa su amayar. Yaro ya kai ajin birbe yana rera dokar Ohm kamar waƙa, bai taɓa haɗa batir da waya da ƙwan tocila ya ga wuta ta kama ba. In an kawo kwamfuta cikin irin wannan aji, kwafe-kwafen ne zai tashi daga kaye ya koma gilashi.

Mu fara da lissafi. Ɗan Nijar yana shiga lakwal da lissafi a kansa. Wanda aka aika kasuwa ya san dala 20 tamma 100 ce, ya san jika dala 200 ce. Ashe kullum yana ninkawa da biyar ba tare da an gaya masa sunan abin ba. Malami mai dabara daga nan zai kama. A ce an sari buhun gero jika 25, cikinsa tiya 40: nawa tiya ta tsaya? Dala 125. In an sayar dala 140, ribar buhu jika 3 ce, watau kashi 12 cikin ɗari. Ga rabawa, ga ninkawa, ga kason ɗari, duk cikin darasi guda, kuma yaro zai koma gida ya gwada a shagon ubansa.

Haka ma awon siffofi. A fitar da yara fili da hantsi, a kafa sanda mai mita 1, a auna inuwarta. In inuwar ta kai mita 2, inuwar bedin makaranta kuma ta kai mita 16, to tsawon bedin mita 8 ne, ba wanda ya hau. Wannan ita ce ƙa'idar Tales da ake haddacewa a kolej ana kuka. Bugu da ƙari, a kudancin ƙasarmu rana takan tsaya tsaf bisa kai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, inuwar sanda ta ɓace da tsakar rana. Ɗan Faransa ba zai taɓa ganin haka a farfajiyar makarantarsu ba. Mu an ba mu kyauta. Faransawan ma sun gane amfanin hannu: a 1996 Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel ta fizik a 1992, ya jagoranci wani shiri na sa yaran firamare su yi tambaya, su yi hasashe, su gwada, sannan su rubuta abin da suka gani.

To ina wurin na'ura? Tana da wuri, amma bayan hannu. Akwai manhajoji biyu na kyauta, da Faransanci, waɗanda in an sauke su suna aiki ba intanet. Ta farko GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya ƙirƙira a jami'ar Salzburg ta Ostiriya a farkon shekarun 2000. Malami ya zana alwatika, ya ja kusurwa guda da yatsa, siffar tana sauyawa, jimillar kusurwoyi tana nan kan digiri 180. Abin da alli ba ya nunawa sai an goge an sake sau goma. Ta biyu PhET, wadda Carl Wieman, shi ma mai kyautar Nobel ta 2001, ya kafa a jami'ar Kolorado ta Amurka a 2002. A cikinta ana ƙara ƙarfin batir har wuta ta tashi, ba hatsari, ba asara. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji ta sami madadi, muddin yaro ya fara taɓa batir na gaske.

Waɗannan ba su buƙatar ɗaki cike da kwamfuta. Makarantunmu da yawa ba su da lantarki, wasu azuzuwan ma na zana ne. Amma salula guda a hannun malami, da ƙaramin faifan hasken rana na caji, sun isa a kasa yara rukuni-rukuni: waɗannan suna awo, waɗancan suna kallon gilashi, sannan a yi musanya. Kafin a danna, malami ya tambaya: me kuke zaton zai faru, kuma don me? In bayanin ya cije da Faransanci, a warware shi da Hausa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa.

Marigayi Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya ƙera murhu da tukunyar ɗuma ruwa masu aiki da rana, da kayan da ke ƙasar nan. Irin wannan ɗalibi muke nema.

Saboda haka, alhaji, kafin ka biya kuɗin bana, tambayi darakta: malaman lissafi da kimiyya nawa aka horar, kuma sau nawa yara ke gwaji da hannunsu a wata? Kai ma'aikaci mai zama cikin ƙungiyar iyayen yara, in an tara kuɗi, a fara da mita da sikeli da batir da horon malami. Gani ya kori ji, amma taɓawa ta fi gani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.