Jinyar Lantarki a Omdurman: A Fara da Likitan Sa Barci

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya durƙusar da asibitocin Khartum, ya kuma jefa jama'a da dama cikin ciwon damuwa mai tsanani. A cikinsu akwai waɗanda ƙwayoyi ba sa yi wa aiki. Irinsu ne ke buƙatar jinyar lantarki, wadda likitoci Cerletti da Bini suka fara a Roma a 1938.

Tsoron da ake yi mata yana da tushe, domin a da ana yin ta mutum na farke. Yanzu sai an sa majiyyaci barci, an yi masa allurar sassauta tsoka. Tsofaffi suna cin moriyarta sosai, musamman dattijon da damuwa ta hana shi ci da sha, ko da yake takan jawo mantuwa. Yara kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2005 kada a yi musu.

Muna kira ga masu farfaɗo da Asibitin Tijani al-Mahi na Omdurman da su tanadi likitan sa barci da iskar oksijin kafin na'urar jinyar lantarki, kuma su riƙa neman yardar majiyyaci a rubuce.