Ra'ayinmu: A Mayar Da Murhu Tsakar Gida

Duk ɗalibin da ya je hutu Ƙaraye ko Rogo tsakanin watan Maris da Mayu ya san abin da ake kira bazara. Zafi yakan haura digiri 40, iska ta ɗauke, har mutanen da ke gefen madatsar ruwa ta Challawa ba su tsira ba. A irin wannan lokaci ne muka lura da wani abu da ya kamata mu 'yan boko mu ji kunyarsa.

A tsohon gida na ƙasa, madafa tana can gefen tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kara, nesa da ɗakunan kwana. Hayaƙi ya tashi sama, zafin wuta ya bi iska, soro kuwa da kaurin bangonsa ya riƙe sanyin asuba har azahar. Iyayenmu mata sun san lokacin hura wuta. Da sassafe a dama koko, a dafa rogo, a kirɓa fura, sa'an nan a kashe wuta. Da rana sai fura da nono, ko kwaɗon rogo da ƙuli-ƙuli, ko farau-farau daga randa. Tukunyar tuwo ba ta hawa murhu sai bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Ba wanda ya rubuta musu wannan tsari a littafi, amma ilmi ne sosai.

To, mu fa? Da zarar ɗayanmu ya kama aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, sai ya tayar da ginin bulo, ya rufa kwano ba sili, ya cusa ɗakin girki a jikin falo, wai shi ya waye. Alhali kuwa wannan fasali na ƙasashen sanyi ne, inda ake son wutar girki ta ɗumama gida. Da ma an yi shi ne bisa dogaro da gas da lantarki. Lantarki dai kowa ya san halinta. Gas kuma, tun bayan janye tallafin mai a 2023 da faɗuwar darajar naira, ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci da yawa. Sai amarya ta koma gawayi a cikin ɗakin da tagarsa ɗaya ce, kwano yana gasa ta daga sama, garwashi daga ƙasa, ga goyo a baya. Da dare bulo ya amayar da zafin da ya sha, yara su kasa barci. Gawayi kuma a rufaffen ɗaki yana fid da iska mai guba wadda ba a gani, ba a jin warinta, tana iya kisa. Maigida kuwa yana can majalisa gindin darbejiya yana shan iska, yana ƙorafin abinci ya makara.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu masu karatun zanen gine-gine da aikin lafiya, da waɗanda za su zauna a sashen ayyuka na ƙananan hukumomin nan biyu, su daina raina madafar waje. Wanda zai yi gini ya ware mata wuri a inuwa, inda iska ke ratsawa, ya sa a gina murhun laka mai kewaye wanda ke tsare wuta a gindin tukunya, ya rage cin itace. Wanda ya riga ya gina, ko yake haya, rumfar zana da ginshiƙai huɗu ba za su cinye albashin wata ba. A kafa ta tun cikin Fabrairu, kafin hunturu ya gama tafiya.