Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Bandar Kifi na Wurno da Rabah da Goronyo

Zuwa ga sarakunan ruwa da Sarkawa da mata da mazan da ke ƙyafe kifi a bakin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, wannan wasiƙa tana jan hankalinsu ne ga hayaƙi, wanda da yawansu ke ɗauka hanyar hana kifi ruɓewa kawai, alhali shi ne ke yanke wa banda daraja a bakin mai ci. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 kamun tarwaɗa da karfasa da kurungu ya zauna a yankin rani da damina, amma hanyar sarrafa su ba ta nisa da ramin wuta da rabin ganga da aka ɗora wa raga ba.

Akwai abin lura a tsibirin Aila na ƙasar Sikotland, inda ake haɗa barasar wuski, wadda haramcinta ga Musulmi ba ya buƙatar bayani, kuma ba shanta ya sa aka ambace ta ba. Masu wannan sana'a suna busar da tsiron sha'ir a kan hayaƙin fit, wato baƙar ƙasar fadama da ciyayi suka ruɓe suka dunƙule suka zama a cikin dubban shekaru, sannan su auna sinadarin finol da ya kama ƙwayar, wanda shi ne tushen ƙamshin hayaƙi, ta hanyar ƙidaya kashi nawa ne a cikin miliyan. Kamfanoni irin su Laphroaig da Ardbeg suna aiki da abin da ya kai 40 zuwa 55, kuma masu tantance musu kaya sukan fara da hanci kafin harshe, suna rarrabe hayaƙin da ya zauna lafiya da wanda ya zama ɗaci. Irin wannan sinadarin ne ke sauka a kan tarwaɗar da ke bisa raga a Goronyo, domin duk itacen da ya ci wuta a hankali yana sakin sa.

Saboda haka zaɓen itace shi ne farkon aiki. Busasshen marke da ƙirya da bagaruwa suna ci sannu a hankali, suna barin garwashi mai daɗewa da siririn hayaƙi, ga kifin ya fito ja mai duhu yana sheƙi. Ɗanyen itace da karan dawa kuwa sukan tashi da harshen wuta ko su turnuƙe, su baƙanta fata tun ciki bai bushe ba. Tsadar itace a gabashin Sakkwato gaskiya ce, amma ba ta halatta jefa leda ko tsumma ko guntun taya a cikin wuta ba, kamar yadda ba ta halatta yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari irin Sniper don korar tsutsa ba, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa.

Babbar illa tana faruwa ne idan maiƙon kifi ya ɗiga kai tsaye a kan wuta, domin baƙin hayaƙin da ke tashi yana ɗauke da sinadarai masu haddasa ciwon daji, kuma tun 2014 Tarayyar Turai ba ta yarda da ƙyafaffen kifin da sinadarin benzofairin ya wuce maikirogiram 2 a kowane kilonsa ba. Murhun Corko, wanda aka fara amfani da shi kusa da birnin Akara na Gana a 1969, ginin laka ne mai faifayen raga da ake jerawa bisa juna, yana rage cin itace ƙwarai, kuma maginin ƙasa na Wurno zai iya ɗaga shi. Wani murhun da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro daga baya tare da Sanigal ya ƙara tiren tare maiƙo, ya kuma raba dafawa da turarawa.

Ya kamata mai banda ya ware kifi ɗaya daga kowane jeri ya bari ya huce, domin zafi yana ɓoye aibi, sannan ya karya shi ta ƙashin baya, ya shinshina cikin kafin ya kai baki. Idan naman ya ɓare sili-sili, hayaƙin ya biyo bayan ɗanɗanon kifin ba tare da ƙaiƙayi a maƙogwaro ba, to wuta ta yi daidai; idan ɗaci ya riga kome isowa ko yatsa ya kwaso baƙin toka, itacen ko nisan raga ne ke da laifi. Warin da ke fitowa daga kusa da kai da ciki kuwa shaida ce cewa kifin ya kwana kafin ya hau raga, kuma ƙarin hayaƙi ba ya gyara shi, sai dai ya rufe shi zuwa ranar da dillali zai kwance kwali a Sakkwato ko Anaca.