Kwandon Tumatir Da Kukan Mutanen Fadama

Kowace safiya manyan motoci suna sauke kwandunan tumatir da tattasai da albasa a kasuwar Mil 12 ta Ikko, da Shasha ta Badun, da kasuwannin Anacha da Fatakwal. Dubban 'yan Arewa ne ke cin abinci a wannan harka, tun daga dillali da direba har zuwa ɗan dako da mai tura baro. Da yawa daga cikin kayan nan, musamman da rani, a yankin Kadawa da Kura da Bunkure na Jihar Kano ake noma su, a yi lodinsu a Kwanar Gafan, kuma da ruwan madatsar Tiga ake ba su sha. To, ya kamata masu wannan sana'a su san inda ruwan nan yake zuwa a da, da kuma waɗanda suka rasa shi.

Kogin Kano da kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Shi kuma idan ya gangara gabas sai ya rarrabu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, ya sadu da kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, wanda ke bi ta Gashuwa da Gaidam, ya yi iyaka tsakanin Nijeriya da jihar Difa ta Nijar, kana ya faɗa Tafkin Chadi. A zamanin da, kogin nan yakan cika ya batse cikin Agusta da Satumba, ya malale fili sama da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai albarka, sa'an nan ya janye da rani.

A kan wannan cika da janyewa jama'ar wurin suka gina rayuwarsu. Manomi ya shuka shinkafa ta tashi tare da ruwa. Idan ruwa ya janye ya shuka wake da sauran amfani a kan danshin da ya bari. Masunta, Badawa da Hausawa, su kama kifin da ya hayayyafa cikin ambaliya, su yi banda. Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa lokacin da jigawa ta bushe. Ruwan da ya nutse ƙasa kuwa shi ne ke cika rijiyoyi, ya rayar da goruba da sauran itatuwa. Watau fili ɗaya yana ciyar da sana'a huɗu ko biyar, kowa da lokacinsa. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta isa Nguru cikin 1930, busasshen nama da kifin yankin suka riƙa zuwa kasuwannin Kudu.

An gama madatsar Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai lokacin da farin 1973 ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki. Babu mai hankalin da zai ce ba a yi abin kirki ba. Tafkin Tiga, wanda aka tsara zai ɗauki ruwa kusan mita biliyan 2 mai cibi uku, ya ba birnin Kano ruwan sha, ya mai da ƙauyukan da ke zaman jiran damina wuraren noma shekara duka. Cikin 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, cikin 1992 kuma aka gama madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Daga nan sai ya zamana manyan rassan kogin Haɗeja duka biyu suna hannun masu buɗe ƙofa da rufewa.

Amma fa ruwa ba ya tsami banza. Da aka tare ruwan damina a sama, sai ambaliyar da ke rayar da fadama ta ragu ƙwarai, ga kuma farin 1983 da 1984 ya ƙara dagula al'amari. Bugu da ƙari, ruwan da ake saki da rani domin gonakin noman rani ya sa kogin da ya saba bushewa ya daina bushewa. Ciyawar kachala kuwa ba abin da take so irin ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Nan da nan ta mamaye hanyoyin ruwa, ta tare yashi da laka, har waɗansu rassan kogin suka toshe. Ruwan da ya rasa hanyarsa ta asali sai ya karkata zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru, ya kwanta a kan gonaki da makiyaya shekara da shekaru, alhali kuwa waɗansu garuruwan da ke bakin tsofaffin rassan suna kukan ƙishirwa. Ga shi kuma kachala ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero, ta zama matattarar sauro da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya, ta kuma hana masunta jefa koma.

Mutumin da gonarsa ta zama kachala, ko rijiyarsa ta ƙafe, ba zai zauna ya zuba wa iyalinsa ido ba. Cikin samarin da ke ga-ruwa da acaba da gadi da dako a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun akwai 'ya'yan masunta da manoman ƙasashen Haɗeja da Guri da Kirikasamma da Nguru da Bade. A da ci-rani wata uku ne ko huɗu, da zarar hadari ya haɗu kowa ya koma gida. Wanda ba shi da gonar komawa kuwa, ci-raninsa ya zama zama. Lalle abin lura ne a ce yaron da ke sunkutar kwandon tumatir a Mil 12 yana ɗauke da amfanin ruwan da a da yake ban shinkafar kakansa.

Masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun auna wannan al'amari a shekarun 1990. Suka gano cewa idan aka haɗa noma da su da itacen da fadama ke bayarwa, ribar da kowane ma'aunin ruwa ke kawowa a fadamar ta ninka wadda yake kawowa a gonakin aikin kogin Kano sau da yawa. Dalilin da ya sa ba a lura da haka da wuri ba shi ne, amfanin babban aikin gwamnati yana shiga littafin lissafi, amma kifin masunci da nonon Bafillatana ba mai rubuta su. Duniya ma ta shaida darajar wurin, gama cikin 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, kuma tsuntsaye daga Turai sukan zo su yi hunturu a Dagona.

Ba wanda ke cewa a rushe Tiga ko Challawa, domin miliyoyin mutane sun dogara gare su. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ake bukata shi ne hukumar koguna ta riƙa sakin ruwa da damina gwargwadon yadda zai yi kama da cikar kogi ta asali, tare da sanar da garuruwan da ke ƙasa tun da wuri, ta kuma rage sakin da ba dole ba da rani domin hanyoyin ruwa su samu bushewa. A gyara magudanan gonakin noman rani, a daina ɓarnar ruwa. A ci gaba da yashe rassan da suka toshe, domin toshewar nan tana cikin abubuwan da ke tsananta ambaliya irin wadda ta auka wa Jihar Jigawa cikin 2022. Gwamnonin Kano da Jigawa da Yobe da Barno da Bauchi da Filato sun taru a Damaturu cikin 2006 sun kafa asusun kula da wannan kwarin kogi. Haƙƙin jama'a ne su tambayi abin da kowace jiha ta zuba da abin da aka yi da shi.

Har ila yau akwai maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are a Jihar Bauchi, wadda aka soma zamanin Shugaba Shehu Shagari aka dakatar, ake kuma ta da zancenta lokaci lokaci. Mutanen Bauchi suna da haƙƙin neman noman rani kamar yadda Kanawa suka samu. Sai dai kogin Jama'are ne yanzu ke ba Komadugu Yobe mafi yawan ruwansa. Kada a aza tubali sai an zauna da mutanen Yobe da Barno da Difa an yi yarjejeniya a rubuce kan rabon ruwan.

'Yan Arewa mazauna Kudu suna da abin yi a nan. Suna da ƙungiyoyin gari, suna da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa waɗanda ake jin maganarsu, kuma kuɗin da suke aikawa gida ba kaɗan ba ne. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin gina masallaci ko makaranta a garinsu tana iya tallafa wa aikin gayya na sare kachala da buɗe hanyar ruwa, wanda mutanen yankin suka daɗe suna yi da lauje da adda. 'Yan kasuwar kayan gwari, waɗanda suka fi kowa cin moriyar Tiga, su ne ya fi dacewa su fara. Idan kuma 'yan majalisa suka zo neman goyon baya, a tambaye su matsayinsu kan sakin ruwa da kan Kafin Zaki, a kuma riƙe amsar da suka bayar har zaɓe mai zuwa.